Mu Da Muke Zango, Yaushe Rabonmu Da Hanya?



Shekaru kaɗan da suka wuce na raka Maigida ta'aziyya can arewa, wani gari gaba da Nalerigu. Mun bar Kumasi bayan Isha'i kamar yadda muka saba, da niyyar mu isa da hantsi, mu yi addu'a, mu juyo. Allah bai nufa haka ba. Dab da Nakpanduri tiyon ruwan motar ya fashe, ba makawa sai kwana a gefen hanya. Da asuba ta yi muka yi alwala da ɗan ruwan da ya rage a jarka, muka yi salla a kan wani falalen dutse. Ina sallamewa gari ya fara wayewa, sai na ga ashe a bakin ƙaton gangare muka kwana. Dutse ja ya miƙe dama da hagu iya ganin ido, ya yanke tsaye kamar an sare shi da gatari, can ƙasa kuma ga fili shimfiɗe, itatuwa sun koma kamar tsiron gero, kogi yana ratsawa a tsakani. Na daɗe tsaye ban ce uffan ba. Wannan shi ne tsaunin Gambaga, wanda na sha jin sunansa tun ina yaro, na kuma sha wuce shi cikin dare ina gyangyaɗi.

Ba mu kaɗai muka kwana a wurin ba. Can gefe akwai wani dattijon Bature da matarsa, da mota mai jan wani ɗan ɗaki a bayanta. A cikin ɗakin akwai gado, da murhun gas, da tankin ruwa, da ɗan wurin wanka. Suka ba mu ruwa, suka dafa mana shayi. Da mutumin ya ji muna Hausa sai ya ɗauko taswira ya shimfiɗa a kan mota, ya aza yatsa a kan Salaga, ya ce daga can suke, sun je ganin tsohuwar kasuwar fatake. Ya tambaye ni ko rijiyoyin garin na nan kamar yadda kakannina suka bar su, tunda a ganinsa ni ne mai gida. Na rasa amsa. A lokacin na haura shekara hamsin a duniya, kakana ta Salaga ya shigo ƙasar nan, amma ƙafata ba ta taɓa taka garin ba.

Wannan kunya ita ta sa na ɗauki alƙalami yau. Ra'ayina kuwa shi ne: lokaci ya yi da mu mutanen Zango za mu koyi yin tafiya don gani da sani, mu ɗauki 'ya'yanmu mu bi hanyar arewa da rana tsaka, muna tsayawa, muna tambaya, kamar yadda muke bin ta da dare don jana'iza da biki da fatauci.

Bari in fara da abin da na gani a hannun baƙon nan, don wasu ba su san shi ba. A Amurka da Turai akwai al'ada ta sayen ɗaki mai taya, irin abin da Bahaushe zai kira tafi-da-gidanka. Ana ɗaura shi a bayan mota, iyali su shiga hanya mako biyu ko wata guda, inda dare ya yi musu nan ne gida. Daga cikin wuraren da suke zuwa akwai ƙasashen duwatsu da kwazazzabai na yammacin Amurka, musamman babban kwazazzabon nan na jihar Arizona da ake kira Giran Kanyon, wanda kogin Kolorado ya haƙa. Tsawonsa ya kai kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 1,800, kuma tun 1919 gwamnatinsu ta keɓe shi ya zama gandun ƙasa. Wannan sha'awa ta taɓa kawo su nahiyarmu: a 1959 wani Ba'amurke mai suna Wally Byam, mai kamfanin ƙera irin waɗannan ɗakuna na Airstream, ya jagoranci ɗakuna 41 daga birnin Kef na Afirka ta Kudu, ba su isa Alƙahira ba sai a 1960. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sunan da Turawan Ingila ke kiran wannan ɗaki da shi, karaban. Kalmar daga Farisanci ta fito, kuma ma'anarta ta asali ita ce ayari. Wato abin da suke wasa da shi a lokacin hutu, sunan sana'ar kakanninmu yake ɗauke da shi.

Mu kuwa sunan unguwarmu kansa sunan hanya ne. Zango shi ne inda ayari ke sauka ya kwance kaya, jakuna su sha ruwa, mata su ɗora tukunya, gobe a ɗaura a ci gaba. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su biyo Sansanin Mango da Yandi, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Suna kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, suna komawa da goron kurmin Asante a ɗaure cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa, ana tsince ruɓaɓɓe a kan hanya. Zuwa da dawowa kan ci watanni, wani lokaci shekara. Ayari kuma gari ne mai tafiya: akwai madugu mai yanke shawara da biyan fito ga sarakunan hanya, akwai jagaba a gaba, akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai riƙe lissafi da jan salla. Wanda duk yake son bayani filla-filla ya nemi littafin Paul Lovejoy kan ayarin goro, wanda ya fito a 1980.

Yadda muka zo Kumasi ma labarin hanya ne. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya yi rauni, kasuwanni irin su Kintampo da Atebubu suka ɗaga. A 1892 yaƙin sarauta ya tarwatsa Salaga, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa. Da Turawa suka kafu a Kumasi, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903, sai hankalin 'yan kasuwa ya karkato kudu, Zangon nan namu ya cika. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a 1934, malamin da ɗalibansa suka bazu a zangunan ƙasar nan, a wannan hanya ya tashi yana bin mahaifinsa fatauci. Alhassan Ɗantata na Bebeji, wanda ya rasu a 1955, da goron ƙasar nan ya fara tara dukiyar da zuriyarsa ke kai har yau. Duk wanda ke zaune a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, in ya tona asalinsa, zai iske jaki da mangala a ƙarƙashi.

To me ya raba mu da hanya? Ina ganin abu biyu ne. Na farko shi ne hanya ta taɓa yi mana ciwo. Dattawanmu ba su manta da watan Nuwamba na 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Manyan motoci suka yi ta kwasar mutane daga zanguna, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Waɗanda suka rage sun koyi darasin laɓewa: zauna a unguwarku, kada ka yi nisa, kada a tambaye ka takarda. Wannan tsoro an gada shi ko da ba a faɗa. Na biyu kuwa mota ce ta zamani. Tafiyar da kaka ya yi a makonni, jikansa yana yin ta a dare ɗaya. Tsakanin Kumasi da Tamale kusan kilomita 380 ne, amma in ka tambayi wanda ya bi ta sau ɗari abin da ya gani, zai ce maka wurin cin abinci a Kintampo da fitilun shingen 'yan sanda. Mun rage wahala, alhamdu lillahi, sai dai tare da wahalar mun zubar da sanin ƙasa.

Abin da wannan ya haifar ina ganinsa a zauren Maigida kusan kowane mako. Yaro ya je wani ofis neman takarda, an dubi sunansa an ce ina ne garinku na asali, ya ce Kumasi, an yi masa dariya, ya dawo ransa a ɓace yana neman wasiƙar shaida. Nakan rubuta wasiƙar, aikina ne. Amma nakan tambaye shi ta ina kakansa ya shigo, a wane gari ya fara sauka, wa ya ba shi masauki. Da wuya in sami mai amsa. Yaron da ya san cewa Hausawa na ciniki a Gwanja tun kafin a zana iyakar da ake kira Gana, wanda ya tsaya da ƙafarsa a kasuwar Salaga ya ga masallatanta da maƙabartunta, ba zai sunkuyar da kai ba in an kira shi baƙo. Zai amsa da natsuwa, domin gani ya kori ji. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Samarinmu da yawa sun haddace sunayen zangunan hamada, daga Yamai zuwa Agadas zuwa Sabha, sun san kuɗin kowace mota, wasu sun tafi ba su dawo ba. Jinin tafiya na nan a jikinsu. Mu ne ba mu nuna musu wata hanya ba sai wadda dillalan Libiya suka nuna musu.

Ga hanyar da nake ba da shawara, kuma na bi ta da kaina bayan waccan kunya, tare da 'ya'yana biyu da wani ɗalibi. A bar Kumasi bayan asuba ta hanyar Mampong. Kafin a shiga garin mota za ta hau tsaunin Mampong tana karkacewa, kurmi a ƙasa, hazo a kan itatuwa. Nan ne yaro zai fara gane cewa ƙasar Asante ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. A wuce Ejura, inda Zango yake da girma, Hausa kuma take yawo a kasuwar masara da doya. Daga nan kurmi ya fara sakin hanya, sarari ya buɗe. Atebubu, sai Yeji a bakin tafkin Volta. A nan za a gaya wa yara cewa wannan ruwa da suke gani kamar teku ɗan jiya ne: madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ita ta tara shi, ya cinye garuruwa da gonaki, har da tsohon garin Kete-Krachi. A hau jirgin fito da mota a ƙetare zuwa Makango, daga nan Salaga ba nisa.

A Salaga a kwana, kada a yi gaggawa. A gaida limami da dattawa, a nemi mai nuna gari. Akwai tsofaffin rijiyoyi masu yawa, akwai filin tsohuwar kasuwa. A nan kuma dole in faɗi abin da wasunmu ba sa son ji. Ba goro kaɗai aka sayar a wannan kasuwa ba, an sayar da 'yan Adam. An kamo mutane daga arewa, an wanke su a waɗannan rijiyoyi, an shafa musu man kaɗe, an tsayar da su ana taya su kamar awaki, kuma cikin masu saye da sayarwa akwai masu sunaye irin namu. Jikokin waɗanda aka kamo maƙwabtanmu ne a yau, wasu surukanmu, wasu muna sahu ɗaya da su a masallaci. Ɗana ƙarami ya tambaye ni a bakin wata rijiya ko kakanmu yana cikin masu sayen. Na ce masa ya nemi gafara ga kakansa, ya kuma riƙe cewa ba shi da ikon raina kowace ƙabila a Zango. Wannan darasi na yi shekaru ina faɗa masa a gida bai shiga ba. A bakin rijiyar nan ya shiga cikin minti biyar.

Daga Salaga a nufi Tamale, daga nan Walewale, a karkata gabas zuwa Gambaga da Nalerigu, mazaunin Nayiri, sarkin Mamprusi, inda ragowar tsohuwar ganuwar Naa Jeringa take. Gambaga tsohon zangon fatake ne, kuma nan ne hedikwatar Turawa ta yankin arewa kafin a mayar da ita Tamale a 1907. Sai Nakpanduri da gangaren da na ba ku labari, Farar Volta tana bin gindinsa. Mai sauran ƙarfi ya ƙarasa Bolgatanga ya ga duwatsun Tongo, waɗanda suka hau kan juna kamar an jera su da hannu, ya leƙa Paga ya ga kadojin da mutanen garin ke zaune lafiya da su. A hanyar dawowa a ƙetare gadar Yapei, a ratse yamma zuwa Larabanga a ga tsohon masallacin ƙasa mai tsinkayen itace, a shiga gandun dajin Mole, mafi girma a ƙasar nan, inda giwaye ke saukowa shan ruwa a ƙarƙashin tudu. Sai gadar Buipe a kan Baƙar Volta, sai magangarar ruwa ta Kintampo, sai Techiman, sai gida. Mako guda ya isa in an tsara.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a majalisa. Wani malami abokina ya ce yawon buɗe ido aikin marasa aikin yi ne, al'adar Nasara ce, Musulmi ba ya ɗaura kaya sai don Hajji ko ilimi ko neman halali ko sada zumunci. Na girmama shi, amma ban yarda ba. Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don lura da halitta da kuma ƙarshen al'ummomin da suka shuɗe, Suratu Faɗir ma ta ja hankalinmu ga bambancin launukan duwatsu. Wanda bai taɓa ganin dutse ba sai na niƙa, ta yaya zai yi wannan tunani? Kuma tafiyar da na zayyana ta haɗa ilimi da zumunci gaba ɗaya. Mun karanta babin sallar matafiyi a Risala muna yara, mun haddace cewa ana ƙasaru a tafiyar mil 48, amma ɗalibanmu nawa ne suka taɓa yin ƙasaru a bayan malaminsu, suka nemi alƙibla a daji, suka yi taimama don ruwa ya ƙare? Fiƙihun da aka yi aiki da shi sau ɗaya ya fi wanda aka maimaita sau ɗari a kan buzu. Abin da zan yarda da shi daga maganar malamin shi ne niyya da ladabi. A Tongo akwai wuraren bautar gargajiya na mutanen Talensi. Mu dutse muka je gani, ba za mu shiga abin da addininmu ya hana ba, ba kuma za mu yi wa masu wurin izgili a ƙasarsu ba.

Na biyu, za a ce kuɗi. Gaskiya ne, mai neman na koko da ƙosai ba ya tunanin tsaunin Gambaga, kuma ba zan raina wannan ba. Amma mu dubi kanmu da adalci. Muna adashi don biki, muna ɗinka anko kala uku don suna, ƙungiyoyin samari na haɗa kuɗi su ɗauki bas zuwa bakin teku ranar bayan Salla. Abin da ake kashewa a wuni ɗaya na wasu bukukuwanmu zai kai ajin makaranta guda Salaga ya dawo da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: makaranta ta sa asusu tun farkon shekara, iyaye su riƙa jefa abin da ya sawwaƙa, masu hali na unguwa su ɗauki nauyin marayu.

A nan ne kuma zan rabu da baƙon da ya ba ni shayi. Ban ce mu kwaikwayi ɗakinsa ba. Tsadarsa ta fi ƙarfinmu, ramukan hanyoyinmu za su karya shi, man da zai sha ya isa ciyar da gida. Bayan haka akwai wani aibi a cikinsa da na lura da shi: mai tafi-da-gidanka yana iya ratsa ƙasa guda bai kwana a gidan kowa ba, bai ci tuwon kowa ba, ya rufe ƙofarsa da dare kamar kunkuru. Mu kakanninmu sun bar mana abin da ya fi wannan. Sun dasa mana gida a kowane zango. Daga Ejura har Bolgatanga babu garin da za ka shiga ka rasa Sarkin Zango ko limami ko mai unguwa da zai amsa sallamarka da Hausa, ya shimfiɗa maka tabarma. Sai dai wannan igiya tana tsufa, domin ba ma jan ta sai an yi mutuwa. Dattawan da suka san juna suna ƙarewa, 'ya'yansu ba su taɓa haɗuwa ba. In muka bar ta shekara ashirin nan gaba, jikokinmu za su sauka a Yeji su nemi otal kamar kowane baƙo.

Abin da za mu ɗauka daga wurin Bature shi ne shiri. Kada mu sauke mutum talatin a kan talakan limami ba sanarwa, mu cinye masa abincin wata. A aika tun da wuri, a tafi da buhun shinkafa da wake da gari da shito, da tabarmi da gidan sauro da jarkokin ruwa, a bar wa mai masauki alheri. In ana son abin ja, maƙeran Suame Magazine, waɗanda ke tada motar da ta mutu, ba za su kasa ƙera ƙaramar akwati mai taya biyu ba, wadda za ta ɗauki tukwane da tanti da tankin ruwa a bayan bas, ta zama ta unguwa, kowace makaranta ta ara in lokacinta ya zo. A yi mata rajista da fitilu yadda doka ta ce, a ba direban da ya saba da ja.

Na uku, za a ce hatsari, kuma wannan ita ce hujja mafi nauyi. Ba mu manta da watan Maris na 2017 ba, lokacin da iska ta kayar da itace a magangarar ruwa ta Kintampo a kan 'yan makaranta masu yawon buɗe ido, rayuka suka salwanta. A watan Maris na 2019 kuma manyan bas biyu suka yi karo da dare kusa da Kintampo, sama da mutum 50 suka rasu. Allah Ya jiƙan Musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri. Rikicin Bawku ma ya sa wasu hanyoyin arewa maso gabas sai da tambaya, ƙetaren iyaka kuwa, ta Burkina Faso da arewacin Togo da Benin, ba wurin kai yara ba ne a yanzu, shi ya sa ban ce a bi sawun ayari har Kano ba, ko da yake raina yana so. Amma a lura, tafiyar da nake kira gare ta ita ce kishiyar wadda ke kashe mu. Mu da muke cika mota da dare, direba bai yi barci ba, muna gudu don mu riski jana'iza, mu ne ke cikin hatsari. Tafiyar rana, zango gajere, direba ya huta, a sauka kafin magariba, a duba taya da birki kafin hawan Mampong da gangaren Nakpanduri, a guji rafi da gindin itace in hadari ya haɗo, a kira mutanen gari a ji halin hanya kafin a tashi, in sun ce a dakata a dakata: wannan shi ne tsarin madugu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, wajen Nuwamba zuwa farkon Disamba, kafin ƙurar hunturu ta rufe sarari, ko kuma hutun ƙarshen shekara in an yarda da ɗan hazo.

Kada kuma a bar mata da 'yan mata a gida. Ayarin da ya kawo mu da mata ya zo, su ne suka dafa, suka yi ciniki, suka haifi zanguna. Uwa ce ke ba yaro labarin asali tun yana goye. In ita ba ta gani ba, me za ta faɗa masa? A tsara tafiyar da muharramai da malamai mata, a ware musu masauki, su ma su tsaya a bakin dutsen nan su yi tasbihi.

Roƙona ga sarakunanmu da limamai da shugabannin makarantu shi ne a fara da kaɗan. Makaranta ɗaya, bas ɗaya, dattijo ɗaya mai labari a kujerar gaba. A ba kowane yaro littafi da biro ya rubuta sunan kowane gari da kogi da wanda ya sauke su. In sun dawo su karanta a gaban iyaye ranar walima. Wasiƙun gabatarwa zuwa ga sarakunan zangunan hanya kuwa, wannan aikin irinmu ne magatakarda, kuma na tabbata babu zauren da zai ƙi sa hannu.

Ni dai na koma Nakpanduri da yarana, muka tsaya a kan falalen da na yi salla a waccan asuba. Babban ya daɗe yana kallon filin da ke ƙasa, sannan ya tambaye ni ta ina jakuna suke hawowa. Na nuna masa inda nake zato, muka sauka muka tambayi wani tsoho mai kiwon awaki, ya gyara mana, ya kai mu wata tsohuwar turba a tsakanin duwatsu. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka taka wannan ƙasa da ƙafa, Ya kiyaye matafiyanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wanda ya san wani zango da na tsallake, ko labarin hanyar da kakansa ya biyo, ya taimaka ya faɗa mana, mu ƙaru da juna.